Askin da Babana Ya Bari Rabi a Barandar Asibiti

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma ba cikin duhu ba, da rana ƙiri-ƙiri, ranar Juma'a wajen ƙarfe goma sha ɗaya, cikina ɗauke da koko da ƙosai, balle wani ya ce yunwa ce ta nuna mini abin da babu. Wallahi ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Shekara goma sha wani abu ke nan, lokacin ina da shagon aski a Nima, unguwar zango a babban birnin Ghana, kusa da babban kwatami, kujera uku da madubi bango guda, kuma ba yabon kai ba, a layinmu duk wanda zai yi aure ko zai je neman biza wurina yake kawo kansa.

Aski gadonmu ne. Babana wanzami ne na asali, irin mai rataya zabira, wato jakar fatar nan da wanzamai suke zuba aska da ƙaho da dutsen washi, yana bi gida-gida daga Nima har Mamobi har Kanda. Duk zangon an san shi da Baba Wanzam, sunansa na yanka ma sai 'yan tsara. Ni kuwa da na tashi na ga kilifa, injin askin nan mai aiki da lantarki, na ce ni da zabira har abada, ina tsokanarsa ina cewa Baba, jakar nan taka ta girmi Ghana, ka bari mu kai ta gidan tarihi. Sai ya yi murmushi ya ce ranar da aka ɗauke wuta zan san wanda ya girmi wani. Mutum ne mai sanyi, sau ɗaya tak ya taɓa marina a rayuwa, kuma ina da gemu lokacin. Ina cikin yi wa wani aski aka yi ihu an ci ƙwallo a shagon maƙwabcina, na ajiye mutumin da rabin kai na leƙa, minti biyu bai cika ba, ina juyowa na ga Baba tsaye a bakin ƙofa. A gaban kowa ya wanke ni da mari, ya ce idan ka ɗora ƙarfe a kan mutum, ko gidanka ne yake cin wuta ba ka ɗaga ƙafa sai ka ƙarasa. Na yi kwana uku ba na gaishe shi da kyau, don ni a ganina abin bai kai ya kawo ba.

Akwai wata al'ada tasa da ta daɗe tana ba ni haushi. Kowace Juma'a da safe, ranar da wanzami ya fi samun aiki, shi sai ya ɗauki zabira ya hau trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa tashar Circle, ya sake hawa wata zuwa babban asibitin gwamnatin nan na birni, ya zauna a barandar wani tsohon ɗakin kwanciyar maza yana yi wa marasa lafiya aski kyauta, musamman baƙin da ba su da mai zuwa duba su, Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Hausawan da suka zo ci-rani ciwo ya kayar da su. Tun kafin in yi wayo yake wannan, kuma asibitin a bakinsa na san tarihinsa. Ya ce Turawan mulki ne suka fara gina shi, dogayen ɗakuna 'yan kaɗan masu faffadar baranda da manyan tagogi don iskar teku ta riƙa ratsawa, kuma leburorin da suka ɗauki dutse da yashi yawancinsu mutanen arewa ne, kakannin 'yan zango. Ya ce da farko mutanenmu tsoron wurin suke yi, sai ciwo ya ci ƙarfin malam da wanzami sannan a kai mutum, shi ya sa ake ganin kamar duk wanda ya shiga ba ya fitowa. Daga baya aka saba, aka samu 'yancin kai, likitoci baƙaƙe suka karɓa, aka yi ta tayar da benaye, ɗakin haihuwa daban, na yara daban, na ƙashi daban, har asibitin ya zama gari guda da mutum zai iya ɓata a ciki. Shi kuwa tsohon ɗakin nan aka kwashe marasa lafiyan aka mai da shi ma'ajiyar tsofaffin gadaje. Ko da aka rufe shi Baba bai daina zuwa ba, sai ya fara tsayawa a barandar ya yi kamar minti goma shi kaɗai, sannan ya wuce sababbin ɗakuna da fakitin reza, don an hana aska ɗaya a kai biyu. Na taɓa tambayarsa me yake tsayawa yi, ya ce hutawa.

To, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi wata Laraba bayan la'asar, muka kai shi wannan asibitin dai, aka kwantar da shi a hawa na huɗu na wani sabon bene. Likitan ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya, ya ce shekaru sun ja, mu yi ta addu'a. Ban musa ba, mutuwa dai kowa da tasa, kuma tsohon ya ci duniya da mutunci. Abin da ya tsaya mana a wuya daban ne. Kwana tara bakinsa ba ya furta komai sai magana ɗaya. Mma, mahaifiyata, ta sunkuya a kunnensa tana laƙƙana masa kalmar shahada, yayata Adiza ta karɓa, ni na karɓa, limamin masallacinmu ma ya zo ya gwada, amma duk wanda ya ce masa La'ilaha illallah, sai ya buɗe ido ya kalli ƙofa ya ce, "Yana jira na." Shi ke nan. Hannunsa na dama kuwa, wanda bai shanye ba, yana ta kai da komo a kan zanin gado, irin yadda wanzami yake goga aska a fata. Mutumin da ya yi shekara sittin ba ya rasa sahun farko, a ce zai tafi ba shahada a bakinsa, wannan tsoron ya hana ni cin abinci sosai, kuma na ga yana cinye Mma a tsaye.

Adiza ta ce mini a matakala, "Chale, ɗan'uwa, wa ne wannan yana jiran shi? Ko ya ci amanar wani ne ba mu sani ba?" Na ce ta rufe mini baki, Baba ko allurar mutum bai taɓa riƙewa ba. Amma ni kaina tambayar tana raina. Mma ce kawai ba ta tambaya ba, duk sa'ad da ya faɗa sai ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ranar Alhamis ta ce mini, "Gobe ka kawo zabirar babanka. In ya taɓa ta wataƙila hannun zai kwanta." Na ce to.

Juma'a da safe na ɗauko ta daga ƙusar da take rataye, na rataya a kafaɗa karo na farko a rayuwata, yaran layi suna mini dariya wai yau Oga ya tuba. Na sha cunkoso a Circle, na isa asibiti rana ta ɗaga. Hanyar da na saba bi zuwa benen an tare ta da kwanon rufi, ana haƙa ramin bututu, sai na zaga ta baya, ta inda tsofaffin gine-ginen suke. Ban yi niyyar bi ta tsohon ɗakin nan ba, ƙafa ce ta kai ni, sai ga ni a gefen barandarsa, fentin duk ya ɓare, tagogi an buga musu katako, ciyawa ta fito ta tsagin siminti, an rubuta da jan fenti a bango alamar za a rushe.

A nan na ji an ce, "Wanzami."

Na juya. Wani dattijo ne zaune a kan benci a ƙarshen barandar, siriri, baƙi, dogo, da zane-zanen fuska irin na mutanen da, sanye da rigar marasa lafiya amma ba irin wadda na gani a jikin Baba ba, wannan farar atamfa ce mai kauri da igiya a wuya. An yafa masa wani ƙyallen aski shuɗi a kafaɗa. Kansa kuwa, jama'a, ɓarin dama an aske shi tas yana ƙyalli, ɓarin hagu furfura ce cunkus, da busasshiyar kumfar sabulu a jikinta. Abin da ya fara zuwa raina ba tsoro ba ne, haushi ne irin na mai sana'a, na ce wane ɗan iskan ne ya yi wa tsoho haka ya tafi.

Na yi masa sallama ya amsa cikakkiya, muka gaisa. Hausarsa ba irin tamu ta Nima ba ce da muke cakuɗa ta da Turanci da Tiwi, tsantsa ce, irin wadda na ji a bakin kakata. Ya dubi zabirar ya ce, "Jakar dai ita ce, amma mai ita ya sāke. Ina shi?"

Na ce, "Baba, mai ita yana sama a kwance ba lafiya, ni ɗansa ne, kai masa ma zan yi."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ya ce mini in jira shi, ni kuwa ban motsa ba. Ga Juma'a tana matsowa, ba na shiga masallaci da kai haka, yara su bi ni. Ɗana, ko za ka ƙarasa mini?"

Gaskiya sauri nake yi, kuma na so in ce masa ya bari in hau in sauko. Amma marin nan na Baba har yau in na tuna kuncina yana zafi, kuma kai rabi a gabana abu ne da ba na iya wucewa. Na ce a raina ai minti goma ne. Na ajiye zabira a kan benci na buɗe, ba reza a ciki ko ɗaya, sai askar Baba ta asali mai ƙotar ƙaho, da guntun sabulu da 'yar tasa. Akwai famfo a gindin barandar, na murɗa ba da sa rai ba, ya yi tari sau biyu ya kawo ruwa. Na goga askar a fata, na jiƙa masa kai, na yi bismillah.

Da na tsaya a bayansa na dubi ɓarin da aka aske, nan ne gabana ya fara faɗuwa. Kowane wanzami da hannunsa, kamar rubutu, kuma ni a ƙarƙashin hannun Baba na girma. Shi ba ya farawa daga goshi kamar sauran, daga bayan kunnen dama yake tasowa ya yi sama, kuma yana barin layi miƙaƙƙe a tsakiyar kai kamar an sa zare. Wannan askin nasa ne, ko a gaban alƙali zan rantse. Kuma sabo ne fil, ko tsiron kwana ɗaya babu, alhali mai hannun yau kwanansa tara bai sauko daga gado ba. Fatar kan kuma da na dafa ta sanyi ƙalau kamar gefen randa, ga shi rana tana dukan barandar.

Na san wani zai ce me ya hana ka gudu. Na riga na ɗora ƙarfe. Kuma ni mutum ne da in hannuna yana aiki zuciyata takan tsaya wuri ɗaya, don haka na ci gaba da jan aska, shi kuma ya ci gaba da hira kamar kowane mai aski.

Ya ce, "Ka ga barandar nan? Da kaina na ɗauko duwatsunta. Muna samari muka zo daga arewa a ƙafa, aka ɗauke mu lebura, wurin nan duk fili ne da ciyawa, Bature da hular kwano yana tsaye da takarda. Mun gina, muka ce Allah ya kiyaye mu da kwana a ciki. Ga shi tsufa ya maido ni, a gado na goma sha biyu, jikin taga. Ba ni da kowa a garin nan, sai wanzamin nan da yake zuwa ya tambaye ni ya jiki."

Yana magana, ni kuwa a bayana, ta cikin tagogin nan da na gani da idona an toshe da katako, sai na fara jin motsi. Tari, ƙarar kwanon silba a ƙasa, takun takalmi ƙwas-ƙwas, wata mace tana ba da umarni da Turanci irin na da, wani yana kiran sista a kawo masa ruwa. Har warin maganin wanke ƙasa na ji. Ban waiga ba. Baba ya koya mini ido ba ya barin bakin aska, ranar kuwa na gode wa wannan koyarwa, don ban san abin da zan gani ba.

Sai ya ce, "Af, na manta ban tambaya ba. Matar tasa ta sauka lafiya?"

Na ce, "Wace mata, Baba?"

"Matar wanzamin mana. Ai kiransa aka zo aka yi, aka ce haihuwa ta zo da gardama."

Na yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba na ce, "Baba, matarsa ɗaya ce, ita ta haife ni, kuma ni ne auta. Na haura arba'in."

Sai ya ce, "To kai ne ke nan. Namiji aka samu. Masha Allah, ka yi saurin girma."

A nan hannuna ya goce, ni da nake alfahari ban taɓa yanka kowa ba, askar ta shiga bayan kunnensa na hagu, na ga fata ta buɗe da idona. Na ce, "Sannu Baba, yi haƙuri," na kai yatsa in danne. Ba jini. Ko ɗigo. Shi kuwa ko gezau, cewa ya yi in ƙarasa, saura kaɗan.

Na ƙarasa. Na bi kan da ruwa na goge, ya kai tafin hannu ya shafa daga goshi har ƙeya, sau biyu, ya sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo da ban taɓa jin irinta ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Hannunka ya kusa nasa. Ka ce masa na yafe, ai ban taɓa riƙe shi ba, jira kawai nake yi." Na kwance ƙyallen daga wuyansa na tattara gashin a ciki na ƙulle, don mu ba ma barin gashin mutum a ƙasa, sai mun binne. Ina cusa shi a zabira ya shafa haɓarsa ya ce gemun ma ya yi buya-buya, da an ɗan rage masa. Ni kuwa hankalina ya riga ya yi sama, na ba shi amsar da bakin kowane mai aski ya saba bayarwa, na saɓi jaka na sauka daga barandar.

Ban yi taku ashirin ba wani mai gadi, mutumin arewacin Ghana da 'yar Hausarsa, ya taso daga inda masu haƙa suke yana ɗaga mini hannu. Ya ce, "Massa, nan ba hanya. Kai yana yi mene a can tun ɗazu? Ni yana kallon ka, kai ɗaya yana tsaya yana yi hannu haka-haka." Na ce tsohon can na yi wa aski, na juya in nuna masa. Benci yana nan, ruwan da na zubar yana nan a siminti bai bushe ba, amma ba kowa, kuma barandar hanyar sauka ɗaya gare ta, ita ce wadda na biyo. Mai gadin ya ce famfon ma an yanke shi tun kafin a kawo shi aiki nan. Ban tsaya gardama ba, na taɓa zabira na ji ƙullin yana ciki, na wuce.

Hawa huɗun nan ban san yadda na hau su ba. Na tarar da Mma da Adiza a bakin gado, hannun Baba yana ta gogarsa a kan zani. Na ajiye zabirar a gefensa, na buɗe don in sa masa askar a hannu, sai ƙullin shuɗin ƙyallen ya faɗo a kan gado. Mma ta kalle shi, ta ɗauka ta juya bakinsa, ta bi ɗinkin da yatsa, wani ɗinkin hannu da jan zare, sai na ga ta nemi kujera ta zauna. Ta ce, "A ina ka samu wannan?" Ban kai ga amsawa ba, Baba ya juyo da kai, ya dube ni, dubawa ta sani, irin wadda rabonmu da ita kwana tara. Hannun ya tsaya. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Ka ƙarasa masa?"

Na ce, "Na ƙarasa, Baba. Ya ce a gaya maka ya yafe."

Hawaye ya gangaro masa ta gefe ɗaya. Mma ta matso kunnensa, ta fara, "La'ilaha," ba ta kai ƙarshe ba ya karɓe, ya faɗe ta cikakkiya, tiryan-tiryan, har nas ɗin da take gyara ƙarin ruwan mai gadon kusa ta juyo. Ya maimaita sau uku. Ana kiran sallar Juma'a a masallacin cikin asibitin ya cika. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma rabin kukan na murna ne, don abin da muke roƙo an ba mu.

Sai bayan sadakar uku, da hantsi, mutane sun ragu, Mma ta kira ni ɗakinta ta ɗauko ƙyallen. Ta ce ita ta ɗinke bakin ƙyallen da cikina wata takwas. Ta ce ranar da za ta haife ni Juma'a ce, Baba ya tafi asibiti askinsa na sadaka, naƙuda ta taso mata da zubar jini, maƙwabta suka kai ta ɗakin haihuwa na asibitin, aka aika a nemo shi a baranda don ana bukatar jini. Yana tsakiyar yi wa wani tsoho baƙo aski, ya bar shi da ƙyalle a wuya ya ruga. Aka ɗebi jininsa, aka yi ta fama, ban fito ba sai bayan la'asar, shi kuwa murna da ruɗewa suka mantar da shi. Washegari ya tuna, ya koma da gudu, ya tarar da gado na goma sha biyu an sāke zani. Tsohon ya rasu tun azahar ɗin jiya, wasu Musulmi masu neman lada sun karɓe shi sun yi masa sutura sun binne kafin magariba, yadda muke yi, da kansa rabi. Baba ya bi zango-zango har Sabon Zongo yana tambaya, bai samu wanda ya nuna masa kabarin ba, ko sunan mutumin bai sani ba. Ta ce tun daga ranar ko a unguwa bai ƙara cin kuɗin askin Juma'a ba.

Na tambaye ta, "Mma, da zai tafi me ya ce wa tsohon?"

Ta ce, "Ya sha faɗa mini. Ce masa ya yi, jira ni, yanzu zan dawo."

Jama'a, a nan ne jikina ya mutu, ba a baranda ba. Don sai a lokacin na tuna amsar da na ba dattijon da ya yi maganar gemu. Wallahi kalmomin nan ne, ba ragi ba ƙari. Jira ni, yanzu zan dawo.

Ko tsayawa neman takalmin kirki ban yi ba, na ɗauki zabira na tari mota. Na isa na tarar an kewaye wurin gaba ɗaya, katafila ta riga ta cinye rabin ginin, barandar ta zama tarin duwatsu. Yau wani dogon bene ne a wurin mai gilashi, da wurin ajiye motoci a gabansa. Gashin na binne shi a gefen kabarin Baba, furfura ce sosai, Adiza ta gani, liman ya gani, ya ce in yi sadaka in bar wa Allah saninsa. Ƙyallen yana nan a zabira.

Ban san ko wane ne ba, ban san ko mene ne ba, kuma na daina tambayar malamai don kowa da abin da yake faɗa. Abin da na sani, tun daga shekarar nan ba na buɗe shago ranar Juma'a da safe. Nakan hau trotro da zabira da fakitin reza in je in yi wa marasa galihu aski, kuma kafin in shiga nakan tsaya minti goma a gefen wurin ajiye motocin nan, daidai inda bencin yake. Masu gadi sun saba da ni, in sun tambaya nakan ce hutawa nake yi. Har yau bai fito ba. Ba na fargaba, in ya fito almakashina a washe yake, minti biyar ya ishe ni. In kuma bai fito ba har nawa lokacin ya zo, babban ɗana yana aikin banki, bai taɓa sha'awar aski ba, amma na zaunar da shi na koya masa gyaran gemu har ya iya, kuma na nuna masa ƙusar da zabira take rataye.

Ku kuwa shawarata gare ku ɗaya ce. In kun je duba mara lafiya, ko naku ko na wani, in za ku tafi ku ce masa sai an jima, ko ku ce Allah ya ƙara sauƙi, ku tafi abinku. Kada ku ce masa ya jira ku sai in kun tabbata za ku dawo, don akwai waɗanda in an ce su jira, jira suke yi.